Kwalbar da Ta Kashe Ƙodar Jarirai

A ƙarshen shekarar 2008, likitocin yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka fara karɓar jarirai masu ciwo iri ɗaya: zazzaɓi, amai, sai kuma fitsari ya ɗauke cak. Ƙodarsu ce ta daina aiki. Haka aka gani a Legas da Ibadan. Da aka tambayi iyaye mata abin da suka ba yaran a gida, sai suna ɗaya ya riƙa fitowa: My Pikin, maganin ruwa na haƙoran jarirai, wanda kamfanin Barewa na Legas yake haɗawa.

Binciken hukumar NAFDAC ya gano dayetilin gilaikol a cikinsa, sinadarin da ake zubawa a man birkin mota. Yana da zaƙi, ba shi da launi, kuma ya fi araha a kan sinadarin da ya kamata a narkar da farasitamol da shi. Zuwa Fabrairun 2009, yara 84 sun rasu. An rufe masana'antar, kuma a 2013 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure ma'aikatanta biyu shekara bakwai-bakwai.

Gubar tsohuwa ce. A 1937 ta kashe mutum fiye da 100 a Amurka, har aka kafa dokar gwada magani kafin a sayar da shi. A 1990 ta kashe yara 109 a Jos da Ibadan. A 2022 ta sake ɓulla a Gambiya cikin maganin tari daga Indiya.

Abin lura shi ne, iyayen 2008 ba su yi ganganci ba. Sun shiga kemis ne kamar yadda uwa a Unguwar Boro take shiga yau in ɗanta ya kwana yana kuka, aka ce haƙora ne. Ba su da hanyar sanin abin da ke cikin kwalbar; wannan nauyin masana'anta ne da hukuma. Amma abin da ya tona asirin gubar yana hannun kowa: tambayar likita da amsar uwa. Wadda ta je asibiti da kwalbar a jakarta, ta faɗi ranar da ta fara bayarwa da ranar da fitsari ya ragu, ta taimaki ɗanta, ta kuma taimaki 'ya'yan maƙwabta.