Salsalar gida: Yadda ake bin sawun zuriya, daga Yarimawan Kazaure zuwa gidajen talakawa

Salsala ita ce jerin iyaye da kakanni da mutum ya fito daga tsatsonsu. A ƙasar Hausa ba kasafai ake nemanta ba sai buƙata ta taso: rabon gado, takarar sarauta, ko neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. A lokacin ne 'yan kasuwa da ma'aikatan da suka daɗe a Kano ko Kaduna ko Abuja kan tarar dattijon da ya san amsar ya riga mu gidan gaskiya. Tarihin gidan sarautar Kazaure ya ƙunshi mafi yawan darussan da mai wannan bincike yake buƙata.

Gidan Dantunku

Ibrahim Dantunku, Bafulatani daga zuriyar Yarimawa, shi ne ya kafa masarautar Kazaure. Ya yi fice a zamanin jihadin Shehu Usman Ɗanfodiyo, kuma mazauninsa na farko Dambatta ne, wadda a yau take cikin Jihar Kano. A 1819 ya ƙi yin mubaya'a ga Sarkin Kano Ibrahim Dabo, aka shafe kimanin shekara biyar ana gwabzawa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya shiga tsakani, Kazaure ta tsaya da ƙafafunta a kan ƙasar da aka yanko daga Kano da Katsina da Daura.

Dantunku ya rasu a 1824, ɗansa Dambo ya gaje shi har zuwa 1857. Daga nan 'ya'yan Dambo biyu suka yi sarauta a jere: Muhammadu Zangi zuwa 1886, sai Muhammadu Mayaƙi zuwa 1914. Muhammadu Tura ɗan Mayaƙi ya riƙe zuwa 1922, ɗansa Umaru Na'uka zuwa 1941. Sai sarauta ta koma ga Adamu ɗan Abdulmumini, bayansa 'ya'yansa Ibrahim da Hussaini suka hau ɗaya bayan ɗaya. Da Hussaini Adamu ya rasu a 1998, aka naɗa ɗansa Najib Hussaini Adamu, sarki na goma.

Jerin sarakuna daban, salsala daban

Mai lura zai ga cewa sau biyu ɗan'uwa ya gaji ɗan'uwansa a wannan jeri, kuma Abdulmumini, kakan gidan da ke mulki a yau, bai taɓa hawa gadon ba, saboda haka sunansa ba ya cikin lissafin sarakuna. Wanda ya ɗauka kowane sarki ɗan wanda ya gabace shi ne zai ƙirƙiri dangantakar da babu ita. Haka abin yake ga jerin limamai da dagatai da sarakunan sana'a.

Tarko na biyu shi ne kamancin suna. Ibrahim Dabo Basulluɓe ne, Sarkin Kano. Dabo Dambazau kuwa Sarkin Bai ne, kakan Dambazawan da suka riƙe Dambatta. Haka nan Alƙali Muhammadu Zangi na Kano, wanda ya rubuta tarihin jihadi a ƙasar Kano, daban yake da takwaransa Sarkin Kazaure, ko da yake sun yi zamani ɗaya. A gidajen talakawa kuwa alkunya kan ɓoye sunan yanka na ɗan fari ko na mai sunan kaka, har laƙabi ya maye gurbinsa. Sunan gari da makarantun boko suka riƙa liƙa wa ɗalibai, irin su Roni ko Gwiwa ko Babura, shaida ce ta mahaifa kawai, ba ta jini ba.

Iyaka ta motsa, takardu sun bi ta

Masarautar Kazaure a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Babura maƙwabciya ce, amma tana ƙarƙashin masarautar Ringim, wadda aka cire daga ƙasar Kano bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Saboda haka wanda kakanninsa 'yan Babura ne, tsofaffin takardun da suka shafe su suna cikin kundin Hukumar En'e ta Kano. Yankin gaba ɗaya ya zauna ƙarƙashin Lardin Kano a zamanin Turawa, sannan Jihar Kano daga 1967.

Wuraren da ya kamata a leƙa sun haɗa da Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa, dukkansu a Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa a Kano. Rahotannin kimanta haraji da jami'an mulkin mallaka suka rubuta a kan gundumomi sukan ambaci ƙauyuka da dagatai da asalin mazauna. Kundin kotunan alƙalai kuma yakan lissafa magada, har da mata, waɗanda salsalar baka ta saba tsallakewa.

Idan babu takarda

Dokar tilasta rajistar haihuwa da mutuwa a faɗin Najeriya ta 1992 ce, don haka mafi yawan kakanni ba su da takardar haihuwa. Wannan giɓi ba mu kaɗai ya shafa ba. A ƙasar Ayalan, yunwar 1845 zuwa 1852 ta tura kimanin mutum miliyan ɗaya hijira, sannan gobarar da ta cinye ma'adanar takardun gwamnati a Dublin a 1922 ta lalata akasarin bayanan ƙidayar 1821 zuwa 1851. Jikokinsu a Amurka da Ostireliya sun koma ga rajistar majami'u da kundin kimanta filaye, suna haɗa gutsattsarin labari har ya zama salsala.

Namu madadin shi ne ƙwaƙwalwar dattawa, musamman gwaggwanni da kakanni mata, da maroƙa masu riƙe kirarin gidaje, da bayanan haihuwa da rasuwa da wasu malamai kan rubuta a gefen littattafansu. Ana gano shekara ta hanyar jingina ta da abin da ya faru: zuwan Turawa Kano a 1903, yunwar Ƙaƙalaba ta 1914, ko zamanin wani sarki. Idan tsohuwa ta ce an haifi mahaifinta farkon sarautar Na'uka, to lissafi ya tsaya a kusa da 1922.

A tambayi kuma waɗanda suka fita: masu cin rani da suka zauna a Kano, fatake da suka tsallaka Damagaram, da mahajjatan ƙasa da suka yada zango a Sudan ba su dawo ba. Ƙa'idar ita ce a fara daga kai a yi sama, a rubuta sunan wanda ya ba da kowane bayani da ranar da ya ba da shi, a kuma gwada kowace ruwaya da wata daga ɗaki daban na gidan kafin a shigar da ita cikin salsala.