Daga Awartakin Wanzami Zuwa Kujerar Likitan Haƙori a Gyaɗi-Gyaɗi

Duk wanda ciwon haƙori ya taɓa kai shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ke kan titin Zariya a Gyaɗi-Gyaɗi, cikin ƙaramar hukumar Tarauni, ya san cewa likita ba ya fara duba baki sai ya yi tambaya. Kana da hawan jini? Kana da ciwon suga? Wane magani kake sha? Sau da yawa majiyyaci yakan ƙosa, don shi a ganinsa haƙori ya kawo, ba jiki ba. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda wannan tambaya ta samo asali, da kuma dangantakarta da abin da Bahaushe ya riga ya ɗauka game da baki da jiki.

A Kano ta dā, cire haƙori aikin wanzami ne, kamar yadda kaciya da ƙaho da cire beli suke aikinsa. Kafin a kai gare shi akan gwada abin da ke gida, watau a danna kanumfari a kogon haƙorin, ko a kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi. Ba a banza kanumfari ya yi suna ba, domin a cikin mansa akwai sinadarin yujinol mai kashe zafi, wanda har yau likitoci suke haɗawa a wasu kayan cike haƙori. In abin ya faskara, sai awartaki.

Kuskure ne a ce Bahaushe bai danganta baki da sauran jiki ba. Ya danganta su ƙwarai, sai dai ya ɗora wa haƙori laifin da ba nasa ba. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne fitar haƙorin jariri. Idan yaro ɗan wata shida ko bakwai ya kama zawo da zazzaɓi, sai a ce haƙori ne, a bar shi ya wuce. Alhali a wannan lokacin ne kariyar da ya samo daga jikin uwa take raguwa, ya fara rarrafe, yana kai duk abin da ya tsinta baki. Zazzaɓin cizon sauro da gudawa sun sha fakewa a bayan wannan kalma, sun tafi da yara da yawa. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 kuma aka ga wata fuskar masifar: maganin ruwa mai suna My Pikin, wanda ake sayarwa don fitar haƙori, ya gurɓata da wata guba mai lalata ƙoda, yara 84 suka rasu a Nijeriya, kuma asibitin koyarwa na Zariya yana cikin wuraren da aka fara gano abin.

Kada a ɗauka mu kaɗai muka yi wa haƙori ƙazafi. A 1900 wani likitan Ingila, William Hunter, ya yi rubutu yana danganta cututtuka da dama da ruɓar baki. Ra'ayin ya bazu a Turai da Amurka, aka shekara talatin ko fiye ana zubar wa mutane haƙora masu lafiya da sunan maganin ciwon gaɓoɓi da makamantansa, kafin a gane an wuce gona da iri. Abin da ya tabbata daga bisani shi ne cewa hanyar tana da zuwa da dawowa, kuma sau da yawa cutar jiki ce take leƙowa ta baki.

Wannan sabon ilmi ya iso ƙasarmu sannu a hankali. An buɗe makarantar koyon likitancin haƙori ta farko a Nijeriya a Jami'ar Legas a 1966, aka daɗe kuma Arewa ba ta da tata. An kafa asibitin koyarwa na Kano a 1988, ya fara aiki a harabar Asibitin Murtala, sa'an nan ya tare a mazauninsa na Gyaɗi-Gyaɗi a 1996. Abin lura a nan shi ne, sashen haƙori ya zauna cikin gida ɗaya da masu duba zuciya da ƙoda da jini. Alal misali, tun 2002 ake dashen ƙoda a wannan asibiti. Wanda aka yi wa dashe yana shan magungunan da ke danne garkuwar jiki, saboda haka ruɓaɓɓen haƙori guda yana iya zame masa babbar barazana, shi ya sa akan so a gyara baki tun kafin a yi aikin. Ɗaya daga cikin waɗannan magunguna, saikulosforin, yana sa dasashi ya kumbura har ya hau kan haƙora. Haka ma fenitoyin na farfaɗiya, wanda aka san shi da wannan hali tun 1939, da nifedifin da amlodifin na hawan jini. Wanda bai tambayi magani ba sai ya yi ta wanke dasashi, yana ɗaukar ƙazanta ce.

Sauran tambayoyin duk haka suke da dalili. Mai ciwon suga dasashinsa yakan saurin ruɓewa, rauninsa kuma ya yi jinkirin warkewa. Mai shan warfarin, ko wani maganin tsinka jini, yana iya zubar da jini fiye da kima bayan cire haƙori. Allurar kashe zafi ta lidokain, wadda aka haɗa a Suwidin a 1943, akan gauraya ta da adirenalin, don haka ake taka-tsantsan da masu ciwon zuciya. Mai gyambon ciki ba a ba shi ibufurofen da dikulofenak sakaka. Tetarasaikilin kuwa, wato kafson nan da aka daɗe ana ɗura wa yara don zawo, yana shiga haƙorin da bai gama ginuwa ba ya rina shi rinin da asuwaki ba ya fitarwa. Saboda haka ake hana shi ga masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 8.

Amma inda dangantakar baki da jiki ta fi ban tausayi shi ne cutar da likitoci ke kira noma. Mai nazarin harshe zai tsaya a nan, domin kalmar ba ta da haɗi da noman gona. Daga Girkanci take, da ma'anar cinyewa. A ƙasar Sakkwato wasu sukan kira ta ciwon daji, wasu ciwon iska, kuma kowane suna yana nuna ƙofar da za a fara ƙwanƙwasawa, wadda galibi ba ta asibiti ba ce. Tana kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman waɗanda tamowa ko ƙyanda ta raunana. Takan fara da ɗan gyambo a dasashi da warin baki, cikin 'yan kwanaki ta ci kunci da leɓe har ƙashi. In an tare ta da wuri, amoksisilin da metironidazol da abinci mai gina jiki sukan tsayar da ita. In an bari, mafi yawan yaran ba sa tashi. An buɗe asibiti na musamman dominta a Sakkwato a 1999, sa'an nan a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta.

Akwai wata matsala ta harshe da ta rage a ɗakin likita. Majiyyaci da yawa ba su san maganinsu da suna ba, sai da launi da siffa: fari ƙarami, ko kafso mai ja da rawaya. Wani kuma ba ya lissafa jiƙo da tsimi da garin da ya karɓo wurin mai magani a cikin abin da ake nufi da "magani" in likita ya tambaya. Shi ya sa za ka ji likita ya ce, "Baba, gobe in za ka dawo, ka taho da ledar gaba ɗaya, har da na gargajiyar."