Reiki: asalinsa, yadda ake yin sa, da iyakar abin da yake iya yi wa mai fargaba

Ɗan kasuwar da ya bar iyalinsa a Kano ko Sakkwato ya je neman abinci a Mile One ta Fatakwal, ko Anacha, ko Inugu, ba sai an kwatanta masa faɗuwar gaba ba. Kasuwar Mile One da ke Diobu ta sha gobara, kuma tun daga watan Agustan 2021 zaman gida na dole na ranar Litinin ya riƙa rufe shaguna a Anacha da Inugu da sauran garuruwan kudu maso gabas. Ga bashin kaya, ga doguwar hanya, ga wayar gida da ba ta yankewa. Idan barci ya ƙaurace wa irin wannan mutum, duk tallar da ta faɗo wayarsa da alkawarin kwanciyar hankali za ta ja shi. Reiki na cikin abubuwan da ake tallatawa haka a Facebook da TikTok, har da wanda ake cewa ana aikawa daga nesa bayan an biya kuɗi.

Daga Japan zuwa Amurka

Kalmar ta Japananci ce, haɗin “rei”, wato abin da ya danganci ruhi, da “ki”, ƙarfin rayuwa da masu wannan fahimta ke cewa yana gudana a jikin kowane mai rai. Wanda ya kafa tsarin shi ne Mikao Usui, wanda aka haifa a 1865 ya rasu a 1926. Bisa abin da almajiransa suka ruwaito, a 1922 ya keɓe kansa kwana 21 yana azumi a kan dutsen Kurama kusa da Kyoto, ya sauko yana cewa ya sami baiwar warkarwa. A shekarar ya buɗe ƙungiyarsa a Tokyo. Cikin ƙa’idoji biyar da ya ɗora wa mabiyansa akwai barin fushi da barin damuwa, don haka dangantakar Reiki da neman natsuwa tsohuwa ce.

Wata Ba’amurkiya ’yar asalin Japan, Hawayo Takata, ita ta fitar da shi waje. Ta koya a hannun Chujiro Hayashi, tsohon hafsan sojan ruwa kuma almajirin Usui, ta kai shi tsibirin Hawai a ƙarshen shekarun 1930. Kafin rasuwarta a 1980 ta yaye malamai 22, kuma dala 10,000 take karɓa kafin ta ba mutum matakin malanta. Daga waɗannan ne akasarin Reikin Turai da Amurka ya samo tushe.

Yadda ake yi

Ba a shan komai, ba a tsaga, ba a tausa. Mutum yakan kwanta ko ya zauna da tufafinsa a ɗaki mai shiru, mai aikin ya ɗora tafukansa a hankali, ko ya tsayar da su dab da jiki, a kai da kafaɗu da ƙirji da ciki da ƙafafu, yana ɗan jimawa a kowane wuri. Zama ɗaya kan ɗauki kimanin sa’a guda. Matakan koyo uku ne, kuma a na biyu ake koyar da wasu alamomi da aikin nesa. Ana iya gama matakin farko cikin kwana biyu, abin da ya kamata mai neman magani ya riƙe a ransa idan ya ga takardar shaida a bango.

Abin da bincike ya nuna

Tambayoyi biyu ne a nan, kuma masu talla kan cakuɗa su. Ta farko, shin wannan ƙarfi akwai shi? Cibiyar gwamnatin Amurka mai nazarin magungunan da ba na asibiti ba ta ce babu hujjar kimiyya da ta tabbatar da samuwarsa. Wani gwaji mai sauƙi ya shahara a kan haka, duk da cewa a kan wata ’yar’uwar Reiki aka yi shi, wadda ita ma ke da’awar jin ƙarfin jiki da tafin hannu. Wata yarinya mai suna Emily Rosa, tana shekara 9, ta sa masu wannan aiki 21 suka zura hannuwansu ta cikin wani shamaki, ita kuma ta riƙa tsayar da nata a saman ɗaya daga ciki ba tare da ta taɓa shi ba, su faɗi wanne ne. Sun dace a kashi 44 cikin 100, alhali mai canke kawai ana sa ran ya sami rabi. Mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga sakamakon a 1998.

Tambaya ta biyu ita ce ko mutane na jin sauƙi. Da yawa suna ji, kuma ba ƙarya suke yi ba. A wani bincike da aka wallafa a 2011, an raba masu ciwon daji 189 da ke karɓar magani gida uku: wasu aka yi musu Reiki, wasu aka turo musu wanda bai koya ba ya kwaikwayi motsin hannun, sauran aka bar su da kulawar da aka saba. Rukuni biyun farko duk sun ce sun sami sauƙi, babu wanda ya fi wani. Abin da ya yi aiki, ke nan, shi ne kwanciya a wuri mai shiru da kasancewar wani a kusa wanda ya ba ka hankalinsa gaba ɗaya. Bahaushe ya san wannan tun kafin a zo da suna daga Japan: uwa ta dafa kan ɗanta, aboki ya zauna da kai bayan asara ba tare da ya ce uffan ba.

A 2015 cibiyar Cochrane, wadda ke tace binciken likitanci, ta duba batun Reiki da fargaba da ciwon damuwa. Ƙananan bincike uku kacal ta samu da suka cancanci dubawa, ta kuma yanke cewa hujjar ba ta isa a ce yana da amfani ba.

Ta fuskar addini ma akwai magana. A 2009 majalisar bishop-bishop na Katolika a Amurka ta ce bai dace asibitoci da cibiyoyin cocin su riƙa yin sa ba, kuma akwai malaman Musulunci da suka ba da fatawar nisantarsa saboda aƙidar da aka gina shi a kai.

Lokacin da fargaba ta zama ciwo

Ɗora hannu shi kansa ba ya cutarwa. Haɗarin yana cikin ɓata lokaci da kuɗi, ko ajiye maganin likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. Ana kiranta ciwo idan zullumi ya yi watanni bai lafa ba, ya hana barci da aiki, ko kuma yana zuwa farat ɗaya da bugun zuciya, gumi, karkarwa, sarƙewar numfashi da jin kamar ajali ya zo. Waɗannan alamomi kan yi kama da na ciwon zuciya, ƙarancin jini ko matsalar maƙoƙo, shi ya sa gwajin asibiti ke zuwa farko. Yawan goro da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari, abokan hirar mai gadi da direban dare, suna ƙara rura wutar.

Magani biyu ne aka tabbatar da ingancinsu. Akwai zaman tattaunawa da ƙwararre, inda ake koya wa mutum gane tunanin da ke tayar masa da hankali da tunkarar abin da yake gudu sannu a hankali. Akwai kuma ƙwayoyi irin su sertraline da fluoxetine, waɗanda sai sun yi makonni kafin a ga tasirinsu, kuma likita ne ke rubutawa. Diazepam da ake saye a kyamis ba tare da takarda ba yana kwantar da jiki nan take, amma yana kama mutum har ya kasa rabuwa da shi.

Mazauna Inugu suna da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a unguwar New Haven. A Fatakwal akwai asibitin Rumuigbo da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na jami’ar birnin, na Anacha kuma suna iya zuwa Nawfia kusa da Awka. Wanda ya fi son a duba shi a gida, akwai Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin hauka: dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta amince da haƙƙin majiyyaci na a nemi yardarsa kuma a rufa masa asiri. Wanda kuwa ya fara tunanin halaka kansa, ko ciwon ƙirji ya tsananta masa, a ranar za a kai shi asibiti mafi kusa.