Yves Cotrel da sandunan ƙarfe biyu

A 1948 ne Yves Cotrel ya kama aiki a Berck, wani gari na bakin teku a arewacin Faransa inda ake jinyar yara masu ciwon ƙashi. A wancan zamani, yaron da ƙashin bayansa ya karkace yakan share watanni cikin rigar siminti. Ko sandar ƙarfen da Paul Harrington na Amurka ya bayyana a 1962 ba ta raba yara da wannan riga ba. Tana miƙe baya kamar an ja igiya, amma ba ta warware murɗiyar, kuma takan shafe lanƙwasar ƙugu ta halitta.

Ciwon zuciya ya raba Cotrel da ɗakin tiyata a shekarun 1970. Abin mamaki, a wannan zaman gida ne ya yi aikinsa mafi girma. Ya tsara sanduna biyu masu ƙugiyoyi da yawa, waɗanda ake kafawa gaɓa-gaɓa, sannan a juya sandar domin baya ya daidaita ta kowace fuska. Jean Dubousset, wanda ya daɗe yana cewa karkacewar murɗiya ce, shi ya fara gwada su a Paris a 1983, tare da Cotrel. Maras lafiya ya tashi ba tare da siminti ba.

Sun wallafa sakamakon da Faransanci a 1984, da Ingilishi a 1988. A ganina, waɗannan maƙaloli biyu sun rinjayi ɗaruruwa: yawancin ƙarafan gyaran baya na yau daga tsarinsu suka samo tushe, ko da yake kusoshi sun maye gurbin akasarin ƙugiyoyin. Cotrel ya rasu a 2019.