Yadda 'Ya Mace Ta Samu Suna Biyu a Ƙasar Hausa

A yau, kafin ranar suna ta zagayo, za ka iske iyaye da dangi suna gwada sunaye a baki, a ji ko Fatima Zahra'u ce ta fi daɗin faɗa ko A'isha Humaira. Wasu na ɗauka cewa suna biyu sabon yayi ne da boko ya kawo. Al'adar kuwa ta girmi boko nesa ba kusa ba.

Kafin Musulunci ya kafu, yanayin haihuwa shi ke raɗa wa yarinya suna. Wadda ta biyo bayan maza ita ce Kande, wadda ta biyo tagwaye Gambo, wadda ta rufe ƙofa kuma Auta. Tarihin Kano ya nuna cewa Wangarawa sun iso da addini a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, kuma ya ƙara ƙarfi a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Daga nan sunan yanka ya samu gindin zama: a rana ta bakwai a yanka rago, a raba goro, liman ya bayyana sunan wata daga cikin matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko 'ya'yansa, ko sahabbai mata. Tsohon sunan bai ɓace ba, sai ya koma laƙabi. Sunayen rana ma suka shigo layi: Ladi, Tani, Talatu, Balaraba, Lami, Jummai da Asabe.

Kunya ce ta raya wannan laƙabi. Uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, matar gida kuma ba ta ambatar sunan surukarta. To idan aka mayar wa jaririya sunan kakarta, yaya za a kira ta? Dole a saya sunan, a ce Ummi, ko Uwani, ko Mama. A hankali wasu laƙubban suka manne wa sunayensu har ba a raba su: Fatima da Binta, A'isha da Indo, Hauwa da Kulu, Zainabu da Abu. Kunnen Bahaushe ma ya yi nasa gyaran, domin harshen ya fi son kalma ta ƙare da wasali. Shi ya sa Bilkis ta zama Bilkisu. Khadija kuwa ta koma Hadiza ko Dije.

Gidajen malamai, musamman bayan jihadin 1804, sun yawaita haɗa suna da siffar mai sunan ta asali, kamar Halimatu Sadiya da Hadizatul Kubra. A gidan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo aka haifi Asma'u a 1793. Tagwaye ne ita da Hassan, amma Shehu bai sa mata Usaina ba, ya zaɓi sunan 'yar Sayyidina Abubakar. Da laƙabin girmamawa na Nana duniya ta san ta, kuma har gobe ana raɗa wa yara Nana Asma'u a matsayin suna ɗaya.

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, rajistar makaranta da takardun gwamnati suka buƙaci suna na biyu, sai aka riƙa ɗora sunan uba ko na gari. Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da hotonta ke jikin takardar naira 20, sunan rana ne da sunan garinsu. Hajiya Gambo Sawaba kuwa sunanta na yanka Hajaratu, amma laƙabin ne ya shiga tarihi. Daga baya takardar haihuwa, da fom ɗin JAMB da aka kafa a 1978, da rajistar BVN ta 2014, suka zo da gurabu uku. Laƙabin da ke yawo a tsakar gida ya hau takarda, ya zama sunan tsakiya. Tunda yanzu malami zai kira sunayen a jere, iyaye suka fara auna yadda suke sauka a kunne, suna kauce wa biyu masu tsawo ko masu karo da juna. Ta wannan ƙofa Amal, Hanan da Ilham suka shigo.

Neman daɗin sauti ba laifi ba ne, kakanninmu ma sun nema. Sai dai su ba su taɓa zaɓar suna don amonsa kaɗai ba: kowane laƙabi yana ɗauke da ranar haihuwa, ko matsayi cikin 'yan uwa, ko darajar wata tsohuwa da ake jin nauyinta. Kyakkyawan suna haƙƙin 'ya ne a kan mahaifinta. Kafin a tambayi ko sunayen biyu sun dace a baki, a fara tambayar malami ma'anarsu, a kuma tabbata akwai amsar da za a ba yarinyar ranar da ta girma ta ce, "Baba, sunan wa na ci?"