Daga Zango zuwa Mil: Yadda Awon Nisa Ya Sauya a Ƙasar Rano

A zamanin fatake, mutumin Fassi ko Kibiya ba ya auna hanya da lamba. Rana ce ma'auninsa, sai ƙafarsa. Wuri na kusa, a ce ka tashi da asuba ka isa da hantsi. In ya ɗan yi nisa, tafiyar yini ce. Abin da ya wuce haka sai a ƙirga kwana ko zango, wato inda ayari ke sauke kaya, jakuna su sha ruwa, a kwana a tashi. Zango ba shi da tsayayyen tsawo. Rijiya da tsaro da nauyin kaya su ke yanke shi, kuma madugu ke da ta cewa. Masu zuwa Gwanja saro goro ma da watanni suke lissafi: a bar gida bayan kaka, wani sai damina ta kewayo ake ganinsa. Heinrich Barth, Bajamushen da ya iso Kano a 1851, da kwanakin tafiya ya rubuta yawancin hanyoyin da matafiya suka kwatanta masa.

Dogon lokaci kuwa da sarakuna da manyan al'amura ake riƙe shi. Tsoho ba zai ce 1903 ba, sai ya ce shekarar da Nasara suka ci Bebeji suka wuce Kano. Ba zai ce 1914 ba, sai ya ce yunwar Kakalaba. Littafin tarihin sarakunan Kano shi kansa a kan tsawon mulkin kowane sarki aka jera shi.

Mutane da yawa na ɗauka Bature ne ya fara kawo mana mil. Malaman zaure sun riga shi. Duk almajirin da ya karanta Risala ya san ba a yin ƙasaru sai tafiya ta kai mil 48. Asalin kalmar ta Rumawa ce, taku dubu na soja, Larabawa suka ara, Ingilishi ma suka ara. Amma mil ɗin fiƙihu cikin littafi ya zauna. Na Bature shi ya fito titi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hanyoyin mota suka biyo baya, aka kakkafa duwatsu masu lamba a bakin hanya, direba da yaron mota suka haddace su. Daga nan har unguwanni suka samu suna: ga Mil Tara a hanyar Katsina, ga kasuwar Mil Sha Biyu a Ikko, inda 'yan gwari ke kai tumatir da tattasai. Tare da mil sai ga awa da minti da sakan, waɗanda makarantar boko da tashar jirgi da rediyo suka zaunar a baki. Sati ma daga sunan Asabar na Turanci ya fito, ranar da ake biyan lebura, ya zo ya yi kishi da mako. (Agogo dai daga Yarabawa muka karɓa.)

A shekarun 1970 Najeriya ta sake lale. Tuƙi ya koma hannun dama a 1972, naira ta maye gurbin fam a 1973, aka kuma ɗauki mita da kilomita. Mil ɗaya ya ɗan haura kilomita ɗaya da rabi. Naira ta shige nan take, domin ba a ciniki sai da ita. Kilomita kuwa har yau ya fi zama a allon hanya da takardar kwangila da labaran rediyo. Ka tambayi ɗan acaɓa a Fassi nisan Rano, ko direba a tashar Rano nisan Kano, ba lamba zai ba ka ba. Zai gaya maka minti nawa ne in hanya ta yi kyau, sannan ya faɗa maka kuɗin mota.