Asalin Turawan Ingila, da Yadda Suka Saki Ƙasar Arewa

Can yamma da ƙasashen Turai, a tsakiyar ruwan gishiri, akwai wani tsibiri mai yawan gajimare da yayyafi, ana ce masa Biritaniya. Duk faɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar Nijar ba. Daga nan ne Turawan Ingila suka fito. Amma kafin su iya zuwa ƙasar kowa, su ma sun daɗe suna shan baƙin da ba sa sallama.

Mutanen da tarihi ya fara samu a wurin su ne Biritaniyawa, manoma da makiyaya, kowace ƙabila da sarkinta. A shekara ta 43 miladiyya Rumawa suka ƙetaro suka ci ƙasar, suka shimfiɗa hanyoyi, suka kafa birnin Landan. Mutanen arewacin tsibirin kuwa suka ƙi lanƙwasuwa. Da abin ya ishi sarkin Rum, Hadiriyan, sai a shekara ta 122 ya sa aka ja ganuwa daga wannan teku zuwa wancan, kilomita 117, kowa ya zauna gidansa. Har yau kufanta na nan. Wajen shekara ta 410 gobara ta kama gemun Rumawa a gida, suka tattara nasu ya nasu suka koma.

Gida ya zama ba mai gadi. Sai ga kwale-kwale daga gaɓar Jamus da Denmak, ɗauke da wasu ƙabilu uku: Angil, da Sakson, da Jut. Suka sauka, suka ga ciyawa shar, suka ce ai an iso. 'Yan ƙasa da yawa suka ja yamma cikin duwatsu, su ne mutanen Wales, waɗanda har yanzu ke riƙe da harshensu. Sauran aka yi auratayya aka gauraye, sunan baƙi Angil ya bi ƙasar ta zama Ingila. Mutumin Arewa, wato ƙasar su Dogon Dutsi, ba zai yi mamakin wannan ba, don kakanni sun ce Ari ɗan sarkin Barno a nan ya tarar da Gubawa, ya yi aure cikinsu, ƙasa ta ɗauki sunansa.

Daga 793 'yan harin teku da ake kira Bikin suka yi ta kai musu farmaki. Amma babban baƙo sai a 1066. Wiliyam, mai mulkin Nomandi a arewacin Faransa, ya ƙetaro ya kashe Sarki Harol a yaƙin Hestin, ya hau gado. Da ya zauna daram, sai ya aika malamansa gari gari, suka rubuta gonaki da garemani, har aladu ba su bari ba, don haraji. An gama littafin a 1086. Shekara wajen 300 Faransanci ne harshen fada. Talaka na kiwon saniya yana kiranta da bakin kakanninsa, in nama ya isa akushin sarki sai a kira shi da Faransanci. Sai a 1399 aka naɗa Hanri na Huɗu, sarkin da ya tashi da Ingilishi a bakinsa.

Tun daga zuwan Wiliyam Ingilishi da Faransi suka zama taubasai. Sai dai wasan nasu ba irin na Ba'are da Bafillace ba ne, mai ƙarewa da dariya da raba goro. Yaƙi guda suka fara a 1337, bai lafa ba sai 1453, kuma sarakunan Ingila ba su daina kiran kansu sarakunan Faransa ba sai 1801.

To, wannan gardama ce ta biyo su har ƙofar gidanmu. Ran 14 ga Yuni 1898 wakilansu suka sa hannu a takarda a Faris. Sun shimfiɗa taswira, sun kafa tsinke a kan Sakkwato, sun zagaya da'ira mai nisan mil 100, wato kusan kilomita 161. Iyaka ta taso daga kogin Kwara, ta bi tsakiyar kwarin Dallol Mawri har ta ci karo da da'irar. Abin da ke ciki na Ingilishi, na waje ta arewa na Faransi. Ta haka garuruwan Arewa da dama, har da Birnin Ƙonni, suka faɗa rabon Ingila, alhali Sarkin Musulmi na zaune a gadonsa, ba wanda ya shawarce shi. Sojan Ingilishi ba su ma shiga Sakkwato ba sai Maris 1903. Zanen takardar nan bai tsare ran kowa ba: a 1899 rundunar Faransi ta Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar da wuta da kisa, Sarauniyar Lugu ta tare ta a garinta, mutanen Ƙonni suka sha mummunan ta'adi.

Faransi dai ba su ji daɗin rabon ba. In za su Damagaram daga bakin kogi, dole su kewaye da'irar ta arewa, inda rijiyoyi ke nesa da juna, raƙuma da jakai na faɗuwa a hanya. Suka yi ta kuka. Ingilishi kuma na da tasu damuwar can wata uwa duniya: tun 1713 masuntan Faransa ke da izinin shanya kifi a gaɓar Newfoundland, tsibirin da ke cikin Kanada a yau. Ran 8 ga Afrilu 1904 aka yi ciniki. Faransi suka bar wurin shanyar kifi, Ingilishi suka ba su wasu 'yan tsibirai a gaban Konakiri, suka kuma ja iyakar nan kudu. A 1906 aka ƙara gyara ta, Ƙonni ma ta koma hannun Faransi. Daga nan Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamun iyaka har 1908.

Shi ya sa yaron Sukukutane ko Matankari ko Dogon Dutsi in ya shiga lakwal Faransanci yake tararwa, ɗan'uwansa Ba'are na Kangiwa, a jihar Kebbi, yana fama da Ingilishi. Ran biki in sun haɗu, wannan da sefa a aljihu, wancan da naira, da Hausa suke cinikin ragon.